Waya a Ajin Manya: Sharhi a Kan Shawarar Koyar da Karatu da Rubutu ta Intanet

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan, da wuya a zauna taron ƙara wa juna sani a kan ilimin manya a tashi ba tare da wani ya kawo shawarar a mayar da darussan yaƙi da jahilci kan intanet ba. Hujjar masu wannan ra'ayi ba ta da wuyar fahimta. Malamai sun yi ƙaranci, azuzuwa sun yi wa mabuƙata nisa, magidanci ba ya iya barin kasuwa ko gona ya zauna a benci, matar aure kuma ba kullum take samun damar fita ba. A ɗaya ɓangaren, tun daga 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta kai hannun ɗimbin mutanen da ba su taɓa riƙe fensir ba. Saboda haka, in ji su, a zuba darasi a cikin waya, kowa ya koya a inda yake, a lokacin da ya ga dama.

Wannan sharhi zai auna shawarar ne ta fuskar mai tsara manhajar Hausa. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me zai sa baligi mai iyali, wanda wayarsa take biya masa buƙata ba tare da ya karanta ko harafi ɗaya ba, ya jure wahalar koyon baƙi da wasali? Matuƙar ba a amsa wannan ba, duk kuɗin da za a kashe wajen gina shafi ko sayen na'ura zai zama zuba ruwa a kwando.

Akwai ɗan ruɗani na kalma da ya kamata a kawar tun daga farko. Mu malamai mun san "manhaja" da ma'anar tsarin abin da za a koyar, daki-daki, da manufarsa da hanyar auna shi. Yanzu kuwa kafofin yaɗa labarai suna kiran abin da ake saukewa a waya da wannan suna. Haɗuwar sunan ta sa wasu suna ɗauka cewa duk wanda ya samar da ta biyun ya samar da ta farkon. A nan za a ce "manhaja" ga ta malamai, a ce "manhajar waya" ga ɗayar.

2.0 Gwajin da Ake Kafa Hujja da Shi

Mafi ƙarfin hujjar da ake da ita daga ƙasar Hausa ta fito ne daga Jamhuriyar Nijar. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar da azuzuwan manya a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram, ana koyarwa da harsunan mutanen wurin, musamman Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an yi darasi yadda aka saba. A ɗaya rabin an ƙara wani ɗan ɓangare na koyon sarrafa waya, wato kunna ta, gane baƙaƙe da lambobin da ke kan madannanta, yin kira, da rubuta gajeren saƙo. Jenny Aker da abokan aikinta, Christopher Ksoll da Travis Lybbert, sun bi diddigin sakamakon, suka buga shi a 2012. Ɗaliban da aka haɗa musu da waya sun fi takwarorinsu maki a rubutu da lissafi. Tazarar ba ta kai a ce abin al'ajabi ba, amma tabbatacciya ce, kuma an same ta ta hanyar bincike mai tsafta, domin ƙuri'a aka jefa wajen zaɓen ƙauyukan da za su sami waya.

Aiki ne da ya cancanci yabo. Matsalar tana ga yadda ake karanta shi a tarukanmu. Sau da yawa akan ambace shi a matsayin shaidar cewa na'ura tana koyar da manya, alhali wanda ya duba tsarinsa zai ga abubuwa da dama da suka saɓa wa wannan fassara. Kowane aji yana da malami ɗan gari. Ba a fito da waya ba sai da ɗalibai suka yi watanni suna fama da allo da alli, suka riga suka san baƙaƙe. Wayoyin kansu ƙanana ne masu madannai, babu intanet a cikinsu, babu wani darasi da aka loda musu, kuma mutum biyar ne suke tarayya a kan guda ɗaya. Ashe ke nan wayar ba ta koyar da kowa komai ba. Abin da ta yi shi ne ta ba wanda ya koyi baƙi a aji dalilin yin amfani da shi bayan an tashi, lokacin da malami ya tafi gida.

Wannan dalili kuwa na aljihu ne. A wancan lokaci saƙon tes ya fi kira araha nesa ba kusa ba. Manomin da ɗansa ya tafi cin rani, ko mai son jin farashin gero a kasuwar da ke nesa da shi, ya san cewa in ya iya haɗa kalmomi biyar zai tsira da kuɗin katinsa. Karatu ya zama abin da ke biyan kansa a kowane mako. Duk malamin manya ya san darajar irin wannan, domin babbar cutar azuzuwanmu ita ce komawa gidan jiya: mutum ya karɓi takardar shaida, shekara ta zagayo ya kasa karanta sunansa a jikinta, saboda bai sami abin karantawa ba tun ranar da aka yaye shi.

3.0 Wayar da Ta Daina Tilasta Karatu

Abin da masu shawarar ba su cika lura da shi ba shi ne, wayar 2009 da ta yau ba abu ɗaya ba ne. A 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya. Daga nan mutum zai danna alama guda, ya faɗi abin da ke ransa na tsawon minti biyar, da gaisuwa da tambayar iyali da addu'a, ya aika, kuɗin bai kai na tes ba. Yana gane abokan hulɗarsa da hotunansu. Wa'azi da labarai da wasan kwaikwayo duk suna zuwar masa ta bidiyo. Hatta littattafan hikaya na Hausa akwai masu karanta su da murya suna ɗorawa a YouTube. Ga al'ummar da dama can ta fi ba maganar baka muhimmanci, wannan sauƙi ne babba, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da shi. Sai dai ya rushe ginshiƙin da nasarar Nijar ta tsaya a kansa. Intanet ɗin da ake son a koyar da karatu da ita, ita ce ta fi komai sauƙaƙa wa mutum rayuwa ba tare da karatu ba.

Marubucin wannan sharhi ya taɓa zama da wasu fatake 'yan Arewa a wata kasuwar dabbobi ta Kudu maso Gabas. Akwai dattijon da yake da babbar waya, yana sarrafa ta da saurin da zai ba ɗan jami'a kunya, yana ciniki da mutanen garuruwa uku a zama ɗaya. Da aka yi masa maganar ajin manya, dariya ya yi. Amma da saƙon banki ya shigo, sai ya miƙa wa wani yaro wayar ya duba masa, ya kuma sa ido a fuskar yaron har ya gama. Wannan kallo shi ne wurin da manhajarmu ya kamata ta fara.

Domin kuwa akwai sauran wuraren da murya ba ta shiga, kuma kusan dukkansu wuraren kuɗi ne da hukuma. Tun daga rajistar BVN da aka fara a 2014, zuwa umarnin haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, zuwa ƙarancin takardun naira a farkon 2023, an tura talaka cikin duniyar lambobi da rubutattun saƙonni ba tare da an tambaye shi ba. Mai tumatir a Agege, da mai goro a Sabon Ibadan, da dillalin shanu a Lokpanta ta Jihar Abiya, da mai ƙosai a ƙauyen Gumel, duk sai da suka karɓi kuɗi ta waya. A nan aka cuci da yawa da alat na bogi. A nan kuma mutum yake faɗa wa mai POS lambar sirrinsa don ba ya iya danna ta da kansa. Buƙatar karatu ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Amma a duba yawancin darussan da ake ɗorawa a waya da sunan manya, za a tarar da hoton akuya da na ƙwallo, da taurarin yabo masu walƙiya in an amsa daidai, abubuwan da aka kwaso daga ajin 'yan shekara shida. Magidanci ɗan shekara hamsin ba zai buɗe irin wannan a gaban 'ya'yansa sau biyu ba.

Akwai wani ƙulli a nan da bai kamata mu masu kishin Hausa mu kauce masa ba. Saƙon banki da rasit da jerin zaɓin da ke fitowa in an danna lambar tura kuɗi, galibinsu da Ingilishi suke. Ɗalibi zai iya ƙware a karatun Hausa amma ya tsaya cak a gaban "Credit" da "Debit". Wannan ba hujja ba ce ta a fara da Ingilishi, domin harshen da mutum yake ji shi ne mafi kusan hanya zuwa gane yadda baƙi yake ɗaukar sauti. Hujja ce dai ta a keɓe wani ɗan kaso na manhaja ga waɗannan 'yan kalmomi da ba su da yawa, a koyar da su a matsayin alamomi, kamar yadda direba yake sanin alamun hanya.

4.0 Hausar da Ke Kan Allon Waya

Rubutun boko na Hausa yana da sauƙin koyarwa in an kwatanta shi da na Ingilishi, domin kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓoɓin kalma kuma ba su da sarƙaƙiya. Shi ya sa hanyar haɗa baƙi da wasali, ba, be, bi, bo, bu, ta daɗe tana aiki. A wannan mataki na'ura tana da amfani na gaske. Ba ta gajiya da maimaici, ba ta tsawa, kuma wanda yake jin nauyin yin kuskure a gaban surukinsa zai iya yinsa sau ashirin a ɗakinsa ba wanda ya ji.

Wahalar tana farawa ne daga inda ƙa'idar rubutunmu ta yi shiru. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki, haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Ƙwararren mai karatu yana rarrabewa daga jimla, bai ma san ya yi ba. Sabon ɗalibi kuwa, da yake bin gaɓa ɗaya-ɗaya, yakan furta kalmar daidai da baƙaƙenta amma bai gane ta ba, sai malami ya ce masa "sake faɗa yadda kake faɗa a gida". Darasin waya da yake nuna kalma tilo da hoto tilo yana ɓoye wannan matsala, ba ya magance ta. In kuma muryar da ke karanta kalmar ta inji ce, ba ta ɗan Adam da aka naɗa ba, to dole Bahaushe mai kunne ya saurari kowace kalma kafin a sake ta, domin karin sauti guda in ya karkace, an koya wa mutum wata kalma dabam.

Sai batun baƙaƙe masu ƙugiya. Ɓ da ɗ da ƙ suna nan a tsarin rubutun kwamfuta na duniya, kuma akwai allon madannai na Hausa da ake iya zaɓa a wayoyin Android. Amma wayar ba ta zuwa da shi a buɗe, mafi yawan masu rubutu ma ba su damu da nemansa ba. Sakamakon haka ɗalibin da muka sha wahala muka nuna masa bambancin "kasa" da "ƙasa", da "kafa" da "ƙafa", da "baki" da "baƙi", yana shiga zauren WhatsApp na unguwarsu sai ya tarar kowa ya zubar da ƙugiyar. Wasu suna sa q a madadin ƙ, suna sa x a madadin z, ana rubuta "slm" da "ngd" da "ykk", ana haɗe "ya ce" ana raba "yana". Wanda ya riga ya iya karatu yana wucewa ta cikin wannan ba tuntuɓe. Wanda yake rarrafe kuwa, kowace ɗaya rami ce a gabansa. Ba za mu gyara rubutun miliyoyin mutane da takardar umarni ba, kuma bai dace malami ya riƙa ce wa ɗalibi abin da 'ya'yansa suke rubutawa shirme ne ba. Abin da ya fi shi ne a kawo irin waɗannan saƙonni cikin aji a mataki na biyu, a karanta su tare, a mayar da su bisa ƙa'ida. Ɗan bambancin da ke tsakanin 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar ma ya isa a ambata shi ga ɗaliban bakin iyaka.

Game da rubutu da hannu, masu gaggawa suna cewa zamaninsa ya wuce, a koya wa mutum dannawa kawai. Binciken da Robert Wiley da Brenda Rapp na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka buga a 2021 bai goyi bayan haka ba. Sun koya wa manya 42 baƙaƙen Larabci, wasu ta rubutawa da hannu, wasu ta dannawa, wasu ta kallo, sai masu rubutun hannu suka fi saurin ƙwarewa da iya amfani da baƙaƙen a sababbin kalmomi. Gaskiya ne mutanen nan dama sun iya karatu da wani harshe, don haka ba a ɗora sakamakon kai-tsaye a kan ɗalibanmu. Amma ya dace da abin da makarantar allo ta daɗe da sani game da tawada da alƙalami. Littafin rubutu da fensir su ne mafi arha a duk kayan aikin, bai kamata su zama farkon abin da za a soke daga kasafi ba.

5.0 Bayan Ya Iya, Me Zai Karanta?

Magabatanmu a wannan fage sun fi mu gane wannan tambaya. Lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, ba a tsaya ga buɗe azuzuwa ba. An kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da lafiya da addini da hikaya, ga kuma jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zazzau. Hukumar ba ta wuce 1959 ba, amma ta nuna cewa sabon mai karatu yana buƙatar abin da aka rubuta dominsa, da gajerun jimloli, a kan garinsu. Haka kuma Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980, wadda UNESCO ta karrama a 1983, ta yi aikinta ne dab da lokacin da littattafan hikaya na Kano suka fara cika kasuwa. Matan da suka koyi boko a waɗannan azuzuwa sun sami abin da suke ɗokin karantawa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, ta bi ta ajin manya har ta zama marubuciyar Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?

A yau rubutun Hausa a intanet ya fi na kowane zamani yawa: shafukan BBC da DW da RFI, da Wikipedia ta Hausa, da hikayoyin da marubuta mata suke sakewa babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Amma kusan duk an yi su ne domin wanda ya riga ya ƙware. Tsakanin littafin farko na ajin manya da labarin jarida akwai kogi, ba a kuma gina masa gada ba. A ganin wannan sharhi, nan ne ya fi dacewa a kashe kuɗin fasaha. A samar da gajerun matani masu hawa-hawa, ɗari biyu ko uku, a kan farashin kasuwa da awon ciki da takin zamani da gado da haƙƙin ɗan haya, kowanne da muryar mutum tana karanta shi ga wanda ya maƙale. A yi su marasa nauyi, yadda malami zai sauke su sau ɗaya ya rarraba wa ɗalibai daga waya zuwa waya, domin tsadar data da rashin sabis da kuɗin caji su ne suke fara kashe irin waɗannan shirye-shirye. A kuma tuna cewa a gidaje da yawa wayar ta maigida ce, tana fita da fitarsa.

Wani kuskure da na'ura take gada daga takardunmu shi ne ɗaukar kowane sabon ɗalibi a matsayin wanda bai san komai ba. Da yawa daga cikin waɗanda muke kira jahilai sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, wasu suna rubuta lissafin bashinsu da ajami. Wanda ya san cewa "ba" da fataha tana ba da sauti kaza ya riga ya haye mafi wuyar tudu. Malamin kirki yana gano irin wannan ɗalibi a ranar farko, ya bi da shi ta gajeriyar hanya, yana jera masa baƙin ajami kusa da takwaransa na boko. Manhajar waya da za ta fara da tambayar "ka iya ajami?" ta kuma raba hanya daga nan, za ta rage wa dubban mutane watanni.

6.0 Matsayin Malami

Hukumar Ilimin Manya ta Ƙasa, wato NMEC, da aka kafa a 1990, da hukumomin jihohi da ke aiki tare da ita, sun dogara ne a kan malaman sa-kai da na wucin-gadi, waɗanda alawus ɗinsu ƙanƙani ne, kuma a wurare da dama yakan makara. Abin tsoro a shawarar da muke dubawa shi ne ta zama mafakar guje wa wannan nauyi, a ce tunda an sayi na'ura babu sauran buƙatar biyan mutum. Binciken Nijar ɗin da ake kafa hujja da shi ma akasin haka ya nuna a zagayensa na gaba. Aker da Ksoll sun gwada buga wa malaman azuzuwa da wasu ɗalibai da mai gari waya a kowane mako, ana tambayar ko an yi darasi da yadda ya gudana, sai sakamakon ɗalibai ya ƙaru. Wato wayar ta yi amfani ne wajen tabbatar da cewa malami ya zo, ya kuma san akwai mai kula da aikinsa.

Saboda haka, in za a shigar da intanet cikin manhajar Hausa ta manya, a sa ta a bayan watannin farko na allo da fensir, a kuma rubuta wa malami dalla-dalla abin da zai yi da ita. Misali, ya buɗe wa ajinsa zaure guda wanda aka hana saƙon murya a cikinsa, ya riƙa jefa tambaya ɗaya kowace safiya, nawa ake sayar da tiyar masara yau, wa ya ga wata jiya, kowa ya amsa da rubutu ko da kalma biyu ce. Jarrabawar ƙarshe ma a sauya mata fasali. A miƙa wa ɗalibi waya, ya nemo sunan ɗansa a jerin sunaye, ya rubuta masa saƙo mai jimla biyu, sannan a nuna masa saƙonnin banki guda biyu ya faɗi wanne ne kuɗi suka shigo, nawa ne, kuma daga wa.